Ambaliya ta lalata gidanka: ka sayar yadda yake, ka gyara, ko ka dakata?

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwan Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle. Kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. Ba a cika wata tara ba, ranar 29 ga Mayu 2025, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja. Mutanen kwarin Haɗeja kuwa, daga Ringim zuwa Auyo da Kafin Hausa, kusan kowace damina da fargaba suke kwana. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Idan ruwa ya janye, 'yan jaje suka ɗauke ƙafa, akwai baƙon da ba ya makara, shi ne dillali. Zai jajanta, ya leƙa ɗakuna, ya dubi layin laka a jikin bango, sannan ya sassauta murya: "Alhaji, in za ka rabu da shi akwai mai so. Ba sai ka taɓa komai ba, yadda yake ɗin nan, kuɗi hannu." Ba lallai ne mugu ba, sana'arsa yake yi, kuma akwai wanda wannan tayin shi ne mafitarsa. Sai dai magidancin da iyalinsa ke kwana a ajin makaranta ko zauren ɗan'uwa ba ya cikin halin da zai yi ciniki da kwanciyar hankali, kuma mai saye ya san da haka.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: ka sayar yadda yake, ka gyara sannan ka sayar, ka kwashe ɓaraguzai ka sayar da shi a matsayin fili, ko ka riƙe abinka. Kafin mu bi su, ga ma'aunan da za a ɗora su a kai.

Abin da za ka fara aunawa

Na farko, kuma shi ne uwa uba: me ruwan ya ci, ginin ko filin? Kowane gida kuɗi biyu ne a haɗe, kuɗin ƙasa da kuɗin abin da aka ɗora a kanta. A tsofaffin unguwannin cikin gari, sau da yawa ƙasar ta fi ginin tsada nesa ba kusa ba. Mai saye zai so ka tsaya kana kallon silin da ya zubo da ƙofar da ta kumbura, alhali shi filin yake kallo. Don haka kafin ka saurari tayin kowa, ka tambayi mutum biyu ko uku da ba ruwansu da cinikin: fili fayau mai girman naka, a layin nan, nawa ake sayar da shi yau? Wannan adadin shi ne ƙasan farashinka.

Na biyu, ruwan zai dawo? Da bambanci tsakanin gidan da ya shekara 30 bai ga ambaliya ba sai da dam ya ɓalle, da gidan da aka gina a kan tsohon kududdufi ko bakin kwari, wanda kowace Agusta sai an tare ƙofa da buhunan yashi. Na farko darajarsa na iya farfaɗowa, musamman da yake a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau, ko da yake amincewa daban, kammala aiki daban. Na biyun kuwa kowace damina rage masa daraja take yi. Hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma na fitar da na damina. Ka duba su, sannan ka tambayi dattawan unguwa inda ruwa yake bi tun kafin a yi gine-gine. Sun fi takarda sanin layinku.

Na uku, lafiyar ƙashin ginin. A gidan bulo, filasta da ta ɓamɓare, fenti da ya kumbura, tayil da ya ɗaga, farin gishirin da ke tsatsafowa a gindin bango, duk gyararru ne. Abin tsoro shi ne tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda yatsa ke shiga, kuma take ƙara buɗewa mako bayan mako. Daɓen da ya lotsa. Ƙofar ƙarfe da da take rufuwa lafiya yanzu ta ƙi. Wannan alama ce ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin ta motsa. Ka shafa ɗan siminti a kan tsagar ka rubuta kwanan wata a gefe; in ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, ginin bai gama zama ba. Gidan ƙasa kuma, in ruwa ya kwana biyu ko uku a gindin katanga, ya cinye ƙafarta, ko da sama tana tsaye kamar ba abin da ya faru. Irin wannan bangon yakan faɗi daga baya, wani lokaci a kan mutane. Maganar magini tana da amfani, amma mai neman aikin gyara ba zai cika ce maka kada a gyara ba. Kuɗin da za ka ba injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya zo ya duba ba asara ba ne.

Na huɗu, wata nawa za ka iya jurewa? Ka lissafa haya, abinci, kuɗin makaranta, bashin da ke wuyanka, da jarin da ruwa ya tafi da shi. Na biyar, gidan na waye a takarda? Naka kai kaɗai, ko na gado ne da ba a raba ba? Akwai C of O, ko takardar ƙaramar hukuma, ko takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, bulama ko lawan? Takardun sun tsira, ko sun jiƙe?

Hanya ta farko: sayarwa yadda yake, kuɗi hannu

Abin da kake sayarwa a nan gida ne, abin da kake saye kuma sauri ne, kuma saurin yana da tsada. Ga yadda mai saye ke lissafi. Yakan ƙiyasta abin da gidan zai yi bayan gyara, ya cire kuɗin gyara, ya ƙara cire wani abu saboda ɓarnar da ido bai gani ba, ya cire la'ada, ya cire ribarsa. Abin da ya rage shi zai taya.

Mu ɗauki misali kawai, ba farashin wata unguwa ba. Gidan da kafin ruwa zai yi naira miliyan 20. Fili irin nasa yanzu miliyan 10. An ƙiyasta gyara miliyan 4. Mai kuɗi hannu ya taya miliyan 8. In ka cire la'adar kashi 5 cikin 100, wadda ita aka fi sabawa da ita a garuruwa da yawa, miliyan 7 da dubu 600 ne zai shiga aljihunka. Ka lura, tayin bai ma kai kuɗin filin ba. Wato ya karɓi ginin kyauta, an kuma yi masa ragi a kan ƙasa. Irin wannan tayin amsarsa "albarka".

Amma kada a raina alfanunsa. Cikin mako ɗaya ko biyu an gama. Ba ka sayi buhun siminti ko ɗaya ba, ba ka yi rigima da birkila ba, ba ka kwana kana gadin kwano da wayoyin wuta daga ɓarayi ba. In harsashin ya motsa, ko filin na kan hanyar ruwa, haɗarin ya koma wuyan wanda ya saya da saninsa. Ga dattijon da ba shi da ƙarfin tsayawa kan ma'aikata, ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne.

Haɗarinsa yana wajen biya. Wanda aka fi gani shi ne mai saye ya ajiye ɗan kafin alƙalami, ya karɓi takardun asali "don a duba", sannan ya shiga yau da gobe, yana neman wanda zai sayar wa da riba kafin ya cika maka. Kai ba ka samu kuɗi ba, ba ka kuma da ikon sayar wa wani. Kada takardar asali ta bar hannunka sai kuɗi sun cika. Kwafi ya isa a je a bincika a hukumar rajistar filaye, wato BOGIS a Borno, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, ko ofishin ƙasa na jiharku. A rubuta ranar da za a cika kuɗi, da abin da zai faru in ranar ta wuce. Sannan "kuɗi hannu" ba yana nufin buhun takardun naira ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. A tura ta banki, kuma kada ka dogara da saƙon waya, ka ga kuɗin a asusunka da idonka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce gidan da ke da shaidar mallaka daga jiha ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna. Mai saye ne yakan bi wannan, amma a rubuta a yarjejeniya wa zai biya kuɗinsa, don kada a zo ƙarshe a zabtare daga naka.

Akwai wani hakki da ke kanka kai ma. Cewa "yadda yake" ba ta ɗauke maka nauyin faɗin aibin da ka sani ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito a fili yake: wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ka sa a rubuta inda ruwa ya kai a bango, kwana nawa ya yi, wace katanga ta tsage, ko sokawe ya rufta. Wannan kariya ce gare ka, domin aibin da mai saye ya gani ya yarda da shi a gaban shaidu ba zai dawo ya warware ciniki saboda shi ba, wanda aka ɓoye masa kuwa yana da damar ya dawo.

Hanya ta biyu: gyara sannan a sayar

A kan takarda ita ce mafi riba, a aikace kuma ita ce mafi cin rai. Koma kan misalinmu. An ce gyara miliyan 4, amma da aka fasa daɓe aka tarar bututu sun toshe da laka, wayoyin cikin bango sai an sake su, aikin ya tashi miliyan 5. Gidan da aka san ruwa ya shiga da wuya ya koma farashinsa na da nan kusa, a ce an sallama a miliyan 17. Cire gyara, cire la'ada dubu 850, cire hayar da ka biya kana jira, a ce dubu 600. Abin da ya rage ya ɗan haura miliyan 10 da rabi. Ya fi na mai kuɗi hannu da kusan miliyan 3, amma sai da ka nemo miliyan 5 tukuna, ka kuma yi wata shida ko fiye kana fama.

Tsadar kaya ita ke karya wannan lissafin. Buhun simintin da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023, cikin 2024 ya haura 9,000 a wurare da yawa, kuma hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ƙiyasin da magini ya ba ka yau ba shi za ka biya bayan wata uku ba. Bayan ambaliya ma kowa gyara yake, yashi da bulo da leburori duk sukan yi tsada a lokaci ɗaya.

Ga kuma gaggawa. Bangon da ya sha ruwa yana buƙatar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bushe har ciki. Wanda ya yi filasta da fenti a kan danshi, kafin damina ta zagayo zai ga fentin na kumbura yana zubowa, baƙin funfuna na fitowa a lungu. A bari iskar hunturu ta ratsa shi, tagogi a buɗe. Kada a kunna wuta sai mai wayarin ya duba. Rijiya kuma a yashe ta a zuba mata magani, domin ambaliya takan haɗa ruwan salga da na sha. Ba a yi wata guda da ambaliyar Maiduguri ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Shafa fenti don a rufe layin ruwa a yaudari mai saye kuwa, wannan ba gyara ba ne.

Hanya ta uku: a kwashe, a sayar da fili

Mutane sukan manta da wannan, alhali ga gidan ƙasa ko ginin da harsashinsa ya tafi, sau da yawa ita ce mafi dacewa. Kango mai tsagaggen bango yana tsorata mai saye, fili sharre kuwa kowa na iya hango abin da zai gina a kai, don haka masu tayawa sukan fi yawa. Kwano, azara, ƙofofi da tagogin ƙarfe, rodi da bulon da bai fashe ba, duk suna da masu saye, kuma sukan rage kuɗin lebura da tifa. A misalinmu, fili miliyan 10, kwashewa da la'ada su ci kamar miliyan 1, ka tashi da wajen miliyan 9. In filin babba ne, ana iya yanke rabi a sayar a gina sauran da kuɗin, muddin hukumar tsara birni ta yarda a raba.

Abu ɗaya: kada ka rushe kafin a ɗauki hoto da bidiyo, kuma kafin masu tantance ɓarna su zo. In kana cikin ƙalilan da ke da inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, taɓa ginin kafin wakilinsu ya gani na iya jawo maka rasa hakkinka.

Hanya ta huɗu: ka riƙe, ka gyara sannu a hankali

Farashin gida a unguwar da ruwa ya ci yana faɗuwa warwas a makonnin farko, lokacin da wari bai tafi ba kuma masu son sayarwa sun fi masu saye yawa. Wanda ya iya gyara ɗaki ɗaya da banɗaki ya koma, ko ya kewaye wurin ya jira rani, yakan tarar da wata kasuwar daban. Ya kuma tsira da abin da ba a sa masa farashi: maƙwabtan shekaru, masallacin unguwa, makarantar yara, kusanci da wurin sana'a. Tambayar da nake so kowa ya yi wa kansa ita ce, kuɗin da za a ba ni, a ina za su saya mini wani gidan? Da yawa sun sayar a cikin gari, kuɗin suka narke a haya da cefane, ko fili a bayan gari ba su samu ba.

Tallafi ma yana bin wanda aka tarar. A Borno an kafa kwamitin rabon tallafi da ya tantance gidajen da abin ya shafa, kuma hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA da sunan mai gida ko mazauninsa suke aiki. Haka in gwamnati ta ayyana wurin a matsayin hanyar ruwa ta karɓe shi, dokar 1978 ta tanadi diyya ne ga mai riƙe da wurin a ranar da aka soke mallakar, kuma a kan abin da aka gina, ba a kan ƙasar kanta ba. Wannan kaifi biyu ne: in ka sayar da wuri, diyyar ta wani ce, in ka riƙe kango a wurin da za a karɓe, abin da za a ba ka ba zai taka kara ya karya ba.

Wasu sukan ba da gidan jingina don samun kuɗin gyara. A yi hattara, domin in wanda ya ba da rance yana zaune a gidan ko yana karɓar haya, malamai suna da magana mai nauyi a kai. A tambaya kafin a shiga.

| Hanya | Abin da ke shiga hannu | Lokaci | Abin kashewa tukuna | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sayarwa yadda yake | Mafi ƙanƙanta | Mako 1 zuwa 2 | Babu | Kaɗan | Karyar da farashi, jan biya bayan kafin alƙalami |
| Gyara a sayar | Mafi yawa in gini na da lafiya | Wata 6 ko fiye | Mai yawa | Mai yawa | Tashin kayan gini, ɓarnar da ba a gani ba |
| Kwashewa a sayar da fili | Matsakaici | Wata 1 zuwa 3 | Kaɗan | Matsakaiciya | Rushe abin da zai gyaru, rasa shaidar ɓarna |
| Riƙewa | Babu yanzu | Ba iyaka | Gwargwadon hali | Doguwa | Dawowar ruwa, ruftawar bango, ɓarayi |

Lokutan da ke cikin jadawalin kimantawa ce, kasuwar kowane gari da tafiyarta.

Wa ya dace da wacce

In gidanka na kan hanyar ruwa, ka ga ambaliya fiye da sau ɗaya, ni a ganina ka sayar, kuma ba laifi ka sayar yadda yake. Duk abin da ka zuba a gyara ruwa ka zuba wa. Ka dai nemi tayi uku daga mutanen da ba dillali ɗaya ya kawo su ba, ka fara da maƙwabcin da ke son faɗaɗa gidansa, domin shi ya fi kowa sanin darajar wurin, kuma ka gaya wa kowa gaskiyar yadda ruwa ke yi.

In larura ce ta gaggawa, rashin lafiya ko bashin da ya kai wuya, hanya ta farko ce, amma ka riƙe farashin fili a matsayin iyakar da ba za ka sauka ƙasa da ita sosai ba.

In gidan ƙasa ne a unguwa mai daraja, ko injiniya ya ce harsashin ya tafi, ka kwashe ka sayar da fili, ko ka yanki rabi. In gidan bulo ne mai lafiyar ƙashi, ruwan kuma na tsautsayi ne irin na ɓallewar dam, kuma dama kana da niyyar tashi, ka gyara ka sayar, da sharaɗin kuɗin gyaran naka ne ba rance mai wa'adi ba. In kuwa ba ka da wani gidan, kuma da can ba ka da niyyar sayarwa, ka riƙe. Ka gyara ɗaki ɗaya, ka ɗaga dokin ƙofa da daɓe, ku haɗu da maƙwabta ku yashe magudanar ruwa kafin damina.

Gidan gado shari'arsa daban. Ɗan'uwa ɗaya, ko da shi ne babba, ba shi da ikon sallama wa dillali gidan da ba a raba ba. In wani magaji ya sayar da kasonsa ga bare, a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayya suna da hakkin shuf'a, wato su biya abin da baren ya biya su karɓi kason. In akwai marayu ƙanana a ciki, a kai maganar gaban alƙali ya duba maslaharsu kafin a taya ko a sallama, a kuma tabbatar matan gidan, uwa da 'yan'uwa mata, sun ji farashin da kunnensu kuma sun sa hannu da kansu.